Kaskon Turaren 'Yardada

Sufeto Zaharaddeen bai kai ga kurɓar shayinsa ba aka bugo waya daga unguwar Madabo: gas ya fashe a wani gida, wata tsohuwa ta rasu.

Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a ofis a tsaye yake aiki, yana kaɗa makullin mota a yatsa har ya ishi kowa. Ya ture kofin gefe, ya ƙwala wa Kofur Sabo kira, suka fita.

Mota ba ta shiga lungun, don haka a bakin titi suka bar ta. Kafin su isa, rabin unguwar ta riga su. Mutanen cikin gari ba wanda ya kai su zumunci idan an yi rasuwa, kuma ba wanda ya kai su saurin ɓata wa ɗan sanda shaida. Tuni wasu mata suka ɗauko tsintsiya da bokiti.

"Ku dakata da sharar nan, don Allah!" in ji Sufeto. "Kada wanda ya sake taɓa ko tsinke."

Mai unguwa, Alhaji Muhammad Sani, shi ya tare shi da bayani. Marigayiyar sunanta 'Yardada, an tafi da gawarta asibiti. Gidan na gado ne. Ita da ƙanenta Malam Hambali ne manya a ciki, sai ɗan wansu Nazeer da matarsa Sa'ida, malamar firamare.

"Gas ɗin na waye?"

"Na matar Nazeer ne, yallaɓai. Ita ta kawo shi gidan."

Daga cikin taron wata murya ta ɗaga: "Ita ta kashe ta da sakacinta! Wallahi ba za ta sake kwana a gidan nan ba."

Sufeto ya waiwaya. Wata matashiya ce zaune a gindin bango ita kaɗai, hijabinta ya jiƙe da hawaye, mata sun ja tabarminsu nesa da ita. Bai buƙaci a gaya masa sunanta ba.

Ya shiga kicin ɗin. Ƙofar ta ɓalle, silin ya zubo, bango ya yi baƙi. Tagar ƙarfe ɗaya ce da ɗakin, kuma a rufe take ruf da sakata. Ya durƙusa gaban murhun gas ɗin mai kai biyu, ya duba makunnan ɗaya bayan ɗaya. Duka a kashe suke.

A bakin ƙofa kuwa ga fasasshen kasko, ga gawayi a warwatse.

"Sabo, wane irin sakaci ne wannan da yake kashe murhu kafin ya tafi?"

Tukunyar gas ɗin ba a kicin take ba. A waje aka ajiye ta, cikin inuwa, a ɗan kejin ƙarfe, tiyo ya bi ta wata huda a bango ya shiga ciki. Shi ya sa ba ta fashe ba. 'Yan kwana-kwana sun ce a buɗe suka tarar da regiletar, wato makunnin da ke kan tukunyar, su suka rufe.

Sufeto ya sa aka kwance tiyon aka fito da shi tsakar gida. Ya babbake ta waje amma bai narke ba. Ya ce a kawo masa ruwa da sabulu, ya kaɗa kumfa ya shafe tiyon, ya toshe baki ɗaya da yatsa.

"Hura, Kofur."

Sabo ya ɓata fuska, amma ya hura. Kumfar ta yi ta kumbura a wuri ɗaya, daidai inda tiyon ke fitowa daga bango ta cikin kicin. Sufeto ya goge wurin, ya lanƙwasa. Wata 'yar tsaga ta buɗe baki, a karkace, sumul.

"Ɓera ne, yallaɓai?"

"Ɓeran da yake yanka sumul haka, sai dai idan wuƙa ya saya."

Wayarsa ta yi ƙara. DPO ne, shugaban ofishinsu, yana so a rubuta hatsari a rufe magana, a ba mutane gawarsu. Sufeto ya ce a ba su gawar, amma shi bai gama ba. Ya kashe wayar ya ci gaba da zagaye tsakar gidan. Ya san da zarar an dawo daga maƙabarta dangi za su zauna, kuma a zaman nan auren yarinyar can zai mutu, sunanta ya bi shi.

Nazeer ne ya same shi da kansa, idanu jajur.

"Yallaɓai, ku daina wahala. Ni ne. Bayan ta tafi makaranta na dafa shayi, na manta ban kashe ba."

"Wane kai ka kunna, na dama ko na hagu?"

"Na... na dama."

"Ka bar shi a kunne?"

"Haka ne."

"To wa ya dawo ya kashe maka? Duka biyun a kashe suke."

Nazeer ya sunkuyar da kai.

"Kai ka fara fita ko ita?"

"Ni," ya faɗa a hankali. "Ina kasuwa aka kira ni." Sai ya fashe da kuka. "Sun ce in sake ta yau, yallaɓai. Kafin magariba."

"Ƙarya ba za ta cece ta ba. Kira min ita."

Sa'ida ta zo tana share hawaye, amma da aka zo maganar gas muryarta ta daidaita.

"Faɗa min yadda kike yi idan kin gama girki."

"Waje nake fara fitowa in rufe regileta. Sai in jira wutar ta cinye gas ɗin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan in kashe murhun. Kullum haka nake yi. Yau ma haka na yi."

"Tiyon fa?"

"Da ƙaramar Sallah na canza shi. Duk sati ina gwada shi da kumfar sabulu."

"Me ya sa kika rufe taga?"

Ta ɗago da sauri. "Taga? Ni ban taɓa rufe ta ba. Ko ruwa ake yi a buɗe take. Sakatar ma ta yi tsatsa."

"Akwai wanda kuke da saɓani da shi a gidan nan?"

"Babu."

Ta yi saurin amsawa. Sufeto ya lura, ya bar ta.

"Me zai kai Gwaggonku kicin da garwashi?"

Sa'ida ta rufe baki da hijabi. "Wari. Gwaggo ba ta ƙaunar wari. Ko ɓera ne ya mutu a rufi, ko kwata ce ta tashi, sai ta zuba garwashi a kasko ta sa turaren wuta ta bi wurin da shi. Na sha gaya mata idan ta ji warin gas kada ta kusanto da wuta, ta buɗe ƙofa ta fita. Sai ta yi dariya ta ce ita ina ta san warinsa." Kuka ya ci ƙarfinta. "Kuma gaskiyarta ne. Ba ta taɓa jinsa ba, don ban taɓa bari ya yi yoyo ba."

Sufeto ya ji abin har cikin ransa. Gas ƙasa yake kwanciya. Tsohuwa ta buɗe ƙofa, ta sunkuya ta ajiye kaskonta don ta gyara wa matar ɗan wanta kicin, shi ke nan.

Malam Hambali yana soro, a ƙofar wani ƙaramin ɗaki da ya haɗa bango da kicin ɗin. Dattijo ne siriri, fari tas da gemu. Ɗakin cike yake da littattafan kakanni rubutun hannu, a cikin gafakarsu ta fata. Carbi ne a hannunsa amma ba ja yake yi ba.

"Allah ya gafarta Malam. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Kana ina abin ya faru?"

"Ina waje. Ƙara kawai na ji."

"Ba ka ji wari ba kafin ka fita?"

"Ban ji komai ba. Ni wannan bala'in ko kusa da shi ba na zuwa, ban taɓa sa masa hannu ba. Tun ranar da aka shigo da shi nake cewa a fitar. Wuta a cikin kwalba, a jikin bangon littattafan da suka girmi kowa a unguwar nan! Ba wanda ya saurare ni. Yaya ma bayan yarinyar ta bi."

To ga saɓanin da Sa'ida ta ce babu. Kunya ce ta hana ta ambaton baffan mijinta.

Aka dawo da gawa bayan azahar, aka yi mata sutura, aka sallace ta a ƙofar gida. Sufeto ya bi sahu har maƙabarta, amma ko a can ƙafarsa ba ta tsaya ba. A hanyar dawowa ya jera da mai unguwa.

"Allah ne ya tsare, yallaɓai," in ji Alhaji Muhammad Sani yana girgiza kai. "Da mun ƙara sauri kaɗan, da yanzu mu huɗu aka kai."

Makullin da ke yatsan Sufeto ya tsaya.

"Ku da wa?"

"Ni da Liman da Malam Hambali. Ai shi ya zo ya taso mu. Ya ce mu zo mu ji da hancinmu abin da ya daɗe yana faɗa, mu zama shaida a fitar da gas ɗin daga gidan. Muna shan kwanar lungu muka ji ƙarar."

"Shi ya ce ku zo ku ji wari?"

"Ƙwarai. Na ɗauka ya gaya maka."

Sufeto ya ƙara sauri har Sabo na gudu-gudu a bayansa. Kai tsaye ya wuce wurin kejin, ya durƙusa ya kalli regiletar da kyau. A gefen makunnin akwai wani ɗan baƙin tabo, shatin babban yatsa. Ya taɓa da yawu, ya narke. Ba hayaƙi ba ne.

Dangi sun riga sun cika soron. An zaunar da Nazeer a tsakiya, kansa a ƙasa, wani yana cewa a gama komai yau kowa ya huta. Sufeto ya ratsa su ba sallama mai tsawo, ya tsaya gaban Malam Hambali.

"Malam, ara min wuƙar da kake fiƙe alƙalami."

Idanu duka suka koma kan Malam. Dattijon ya dube shi, ya dubi gefen buzunsa inda kurtun tawada da alƙaluman kara suke. Bai motsa ba. Sabo ne ya ɗauko ta: 'yar ƙaramar wuƙa mai kaifi kamar aska. Sufeto ya ɗaga tiyon, ya buɗe tsagar kowa ya gani.

"A karkace, yadda ake yanka bakin alƙalami. Hannu ba ya manta aikinsa. Ka ce ba ka taɓa sa wa tukunyar hannu ba, ga tawadarka a kan makunninta. Ka ce ba ka ji wari ba, amma ka je ka kira mutum biyu su zo su ji. Wa ya rufe tagar, Malam?"

"Kai, yaro, ka san da wa kake magana?" in ji wani daga cikin dangin.

"Ku bar shi," in ji Malam Hambali. "Ni ne."

Wata mata ta yi salati daga bayan labule.

"Na jira suka fita. Na shiga na tsaga shi kaɗan, na ja tagar don kada iska ta kwashe, na fito na murɗa abin nan yadda nake ganin tana yi. Na ce kafin in kira su Liman ya taru. Yaya tana ɗakinta tana walaha, ba ta fitowa sai rana ta ɗaga. Ban kunna wuta ba, wallahi ko ashana ban riƙe ba. Tsoro nake ji kada wata rana littattafan nan su ƙone."

Ya waiwaya ya kalli ɗakin. Ko hayaƙi bai taɓa su ba.

"Kuma kana zaune kana ji ana cewa a saki yarinyar," in ji Sufeto. Ransa ya ɓaci, bai ɓoye ba.

Malam ya kawar da kai. Sufeto ya juya wurin Nazeer.

"Nazeer, kira matarka. A gaban mutanen da suka zage ta za a wanke ta."

Sa'ida ta zo bakin labule ta tsaya. A hannunta akwai ɓallen kaskon, ta tsince shi ta goge. Matan da suka guje ta da safe suka rasa inda za su sa idanunsu.

"Ba laifinki," in ji dattijon, bai iya kallonta ba. "Kin rufe. Ni na buɗe."

Nazeer ya tashi daga tsakiyar taron ya koma kusa da ita ya tsaya.

Sabo ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ya kama hannun dattijon da kansa ya tashe shi. Jama'ar da ke zaman makoki a ƙofar gida suka dare, suka ba su hanya.

Sun kusa fita lungun Malam Hambali ya ja ya tsaya, daidai kwanar da ya ji ƙarar da safe.

"Yallaɓai," ya ce, "wari kawai nake so a ji."

"An ji, Malam," in ji Sufeto. "Yayarka ta ji."

Ya buɗe masa ƙofar mota.