Ƙullin Tattasai a Balis ɗin Meram

Tun ranar da Meram ta samu burs, wato tallafin karatu, ta tafi Maroko karatun likita, Ya Fanna ba ta naɗe tabarmar tsakar gida ba. Duk wadda ta shigo barka sai ta zaunar da ita, ta kunna mata muryar ƴarta a salula.

Ranar kasuwar Diffa sai ga Ya Kubra daga Gagamari tare da ɗanta Grema, wanda aka yi wa baiko da Meram. Mutanen Damasak ne, rikici ya tsallako da su kogin Komadugu, yanzu a gonar aro suke noman tattasai.

"Wushe, wushe, sannunku da zuwa! Kun zo a sa'a," in ji Ya Fanna. "Yanzun nan vokal, saƙon muryar Meram, ya shigo, ko ni ban ji ba. Ku matso!"

Ta danna, ta ƙure murya.

"Inna! Wallahi Rabat duniya ce! Jirgin ƙasa a tsakiyar titi yake tafiya, ba hayaƙi. Na ga teku, Inna, ashe Komadugu kwata ce!"

Maƙwabta suka kwashe da dariya, har Grema ya murmusa.

"Amma na sha kunya. Ina buɗe balis ɗin kayana warin tattasai ya cika ɗaki, ƴar ɗakinmu ta yi ta atishawa tana toshe hanci. Ban tsaya ba, na kai ƙullin nan bola. Haba, wa ke zuwa nan da kayan ƙauye?"

Ya Fanna ta hau danne-danne, amma magana ta riga ta fita. Ƙullin nan Ya Kubra ce ta kawo shi ranar tafiya, daga girbinsu na farko tun gudun hijira.

"Da hannuna na daka shi, ina tari ina hawaye," in ji Ya Kubra a hankali. "Tashi, Grema, kada warinmu ya kama musu tabarma."

"Ya Kubra, don Allah, yarinya ce..."

"Yarinya mai bak, wadda ta gama sakandare? Wadda ta zubar da tattasanmu, gobe mu za ta zubar. Maganar aure a ajiye ta."

Grema ya duƙa a bakin ƙofa. "Inna, ki ce ina gaishe ta." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya Fanna ta kasa gaya wa Meram. Kullum tana cewa gobe. Har sanyi ya shiga can, wata la'asar Meram ta kira.

"Inna, abincinsu kamar na asibiti. Ka gaida mutum ya ɗaga kai ya wuce, ba ina gida, ba ina gajiya. Na kwanta zazzaɓi, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ko ƙamshin miyarki ne in ji, Inna! Kuma Grema ya daina kirana. Me na yi masa?"

Nan ta gaya mata komai. Meram ta fashe da kuka.

"Inna, ke na faɗa wa! Ke kaɗai, ba unguwa ba!"

Washegari Ya Fanna ta shiga motar Gagamari. Ta iske su wurin shanya, ƙasa ta yi jawur da tattasai. Ta durƙusa gaban Ya Kubra.

"Bakin ƴata ya yi laifi, amma yatsana ne ya danna. Son a ce ƴar Fanna na Maroko ya rufe mani ido. Ni za ki hukunta."

Ya Kubra ta ci gaba da juya tattasai, ko kallonta ba ta yi ba. Grema ya ajiye buhu, ya tsuguna kusa da uwarsa.

"Ya, kin hana ni kiranta, na bi maganarki. Amma makon da muka tsallako ruwa, me kika ce da tuwon Diffa? Kin ce ko akuyar Damasak ba ta ci. Da wani ya ɗauki muryarki ya kunna wa wanda ya ara mana gonar nan fa?"

"Rufe mani baki, marar kunya!" Ta kai masa duka da mayafi, amma idonta ya kawo ruwa.

Sannan ta sa aka ɗauko turmi. Ta daka sabon tattasai, ta ƙulle shi leda kan leda, ta miƙa wa Ya Fanna.

"A ba ɗalibin da zai tafi. In ta zubar da wannan, na gama."

Meram ba ta zubar ba. Ranar da ƙullin ya isa, Grema ta fara kira, tana atishawa tana neman gafara. Baiko ya tsaya, haƙurin Grema ne ya tsayar da shi.

Sai dai har yau, in Ya Kubra ta zo gidan, salula kuma ta yi ƙara, sai ta jawo takalmanta ta ce rana ta yi. Wannan ne ke cin Ya Fanna.

Ƴaƴana masu tafiya karatu, abin da ido ya gani a makon farko ba shi ne ƙasar ba, ku riƙe bakinku kan gida. Mu kuma iyaye, mu fara saurara a ɗaki kafin mu kira maƙwabta.