Ramin Da Ke Numfashi

Ranar da Zahara'u ta fara ganin Inusa, yana durƙushe da sassafe a bakin tabkin Madarumfa, farin tururi na tashi daga ƙasa kewaye da shi. Babu wuta, babu iska. Tulunta ya kusa suɓucewa.

"Kada ki gudu," ya ce. "Taki nake haɗawa a cikin ramin nan. Hanjin kifi, ruɓaɓɓen tumatir, kashin awaki. In suna ruɓewa sai su ɗau zafi."

Ta taɓa ƙasar. Ɗumi gare ta kamar jikin mai zazzaɓi. Ta janye hannu, amma ba ta tafi ba.

Kafin damina ta faɗi, saƙonsa ya saba shigowa wayar talhonta.

"Zahrata, yau ma raminmu ya yi numfashi. Ke kaɗai ba ki tsoronsa."

"Ina tsoro mana. Zuwa dai nake."

Sai Faruk, mai saida takin buhu a Ɗan Issa, wanda shi ma yake sonta, ya je wurin mahaifinta, Malam Ɗan Baba.

"Baba, yaron nan iskokin tabki yake ciyarwa. Na gan shi yana binne kawunan kifi."

Malam ya rantse ba zai ba Inusa ɗiyarsa ba.

Zahara'u ta durƙusa gabansa. "Baba, a tone ramin a gabanka. In an ga abin tsafi, na haƙura da shi."

Aka tone. Jama'a suka ja da baya. Ba kai, ba hanji, sai baƙar ƙasa mai laushi.

"Kun gani?" in ji Faruk. "Sun cinye!"

Wata tsohuwa ta kama salati.

Malam ya sunkuya a hankali, ya damƙi ƙasar, ya shinshina. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ƙamshin gonar mahaifina ne a Gabi," ya ce. "Kafin ƙasarta ta mutu mu baro ta. Ban zaci zan sake jin sa ba."

Ya kamo hannun Inusa, ƙasar ta shafe su duka biyu.

"Turo magabatanka, ɗana."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Inusa ya kai amalanke uku na taki tsohuwar gonar Gabi, Malam da kansa ya riƙe akalar jakin.

Allah Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya raya ƙasar da za ta ciyar da su.