Ɓangaren da Ya Ƙi Fenti

Ni mutum ne mai laɓe, gara in faɗa tun yanzu. Likita ya hana ni maiƙo da gishiri, amma bai ce komai ba game da sauraron maganar mutane. Saboda haka ranar ina bayan ƙofar garejinmu a garin Atlixco na jihar Puebla, tamal, wato dafaffen ƙullin masara mai maiƙo, a hannu, kunne a jikin ƙofa, lokacin da 'yata Citlali ta ɗaga murya a kan saurayinta.

"Kalle shi, Ubaldo! Kalle shi da kyau!"

Robobin cikin tasinsa ne jere a kan tebur, dashbod da bangon ƙofofi. Ta wanke su, ta goge da samfefa, ta fesa musu fenti ruwan toka. Maimakon ya kwanta sumul, sai ya ɓare da ƙananan ramuka kamar fuskar wanda ya tashi daga agana.

"Na tambaye ka ko ka taɓa shafa musu man ƙyalli, ka ce a'a!"

"Na rantse da kabarin babana ban taɓa ba, rabin raina..."

"Riƙe rabin ranka, ba shi na tambaye ka ba!"

"To... ko fentin ne ba mai kyau ba?"

Na ajiye tamal. A gidanmu kana iya zagin kakan mutum ya yafe maka, amma ban da fentinsa.

Kafin ta ba shi amsa sai ga mahaifiyarsa, Doña Amparo, cikin baƙin mayafi. A bayanta Yadira ce, mai shagon kayan mota na tashar tasi, wadda Doña ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awa saboda farcenta ba ya baƙi.

Motar ta marigayi Don Cástulo ce, mijin Doña. Ubaldo ya so a sabunta cikinta kafin ranar San Cristóbal, waliyyin direbobi, lokacin da fada, limamin coci, ke yayyafa wa motocinsu ruwan albarka. Ya ce idan uwarsa ta ga aikin hannun Citlali, za ta yarda ta zo gidanmu neman aure.

To ga shi ta gani.

"Wayyo Cástulo!" Ta dafe ƙirji. "Ka ga abin da aka yi maka?"

"Ai na faɗa miki, Mama," in ji Yadira, tana ɗaukar hoto da waya. "Wasu hannun, ko tukunya ba a ba su."

Doña ta juya. "Ubaldo, kwashe kayan ubanka. Ƙafata ba za ta taka gidan nan da kwandon neman aure ba."

Citlali ta juya ta dubi Ubaldo.

Shi kuwa ya dubi takalminsa.

"Shi ke nan?" ta ce a hankali. "Ba ka da abin cewa?"

"Mama ce, Citlali..."

"To bi Mama. Robobin dai suna nan. Ba a fitar da aikina a haka."

Suka fita. Na fito ina tari, wai yanzu na iso.

"Baba, ga shatin ƙofa a kuncinka."

Ban musa ba.

Kafin yamma hoton ya zaga tasha. Direbobin da suka shekara suna kawo mana aiki suka fara gaishe ni da, "Don Fortino, ya mai jiki?" Na yi niyyar zuwa in nuna musu ko ni waye, sai na tuna gwiwata.

Washegari na same ta tsaye gaban dashbod ɗin, idanu a kumbure.

"Baba, zo ka gani."

"Na gani jiya, 'yar nan. Ya ishe ni."

"A'a, duba sosai. Ina ramukan suke?"

Na sa tabarau. Ɓangaren direba ya sha fenti lafiya lau, ko ɗigo babu. Ramukan duk a ɓangaren fasinja suke, da ƙofar dama, kuma sun tsaya cak a tsakiya, daidai inda gajeren hannu zai kai daga kujerar.

"Ubaldo bai yi ƙarya ba," ta ce. "Mamarsa ce. A kujerarta take zama ta shafa, kafin ya tashi daga barci. Man ya shige cikin robar, wanki ɗaya ba zai fitar da shi ba."

"Kuma a shagon wa ake sayar da man nan?"

"Na sani, Baba."

"To mu je tasha! A gaban kowa zan..."

"Ba inda za ka. In tona wa tsohuwa asiri don tana kewar mijinta?"

Ni na koya mata riƙe bindigar feshi. Wannan halin kuwa ban san inda ta samo shi ba, amma ba a wurina ba ne.

Ta kankare fentin kaf. Ta wanke da ruwan zafi da sabulu, ta shanya a rana har man ya tsattsafo, ta sake wankewa, ta sake shanyawa, har sai da ruwa ya daina dunƙulewa a jikin robar. Sannan ta fesa shafen da ke kama roba, ta bi da fenti siriri-siriri, tana jira kowanne ya sha iska. Ni aikina kore ƙuda, kuma na yi shi da gaskiya.

Ubaldo yakan zo ya tsaya a bakin titi da atole, kunun masara, mai zafi. Ba ta ko kallonsa. Ni nake shanyewa, don kada a yi asara.

Ana gobe San Cristóbal ta aika masa ya kawo uwarsa. Suka zo, Yadira na biye, waya a hannu.

An mayar da komai wurinsa. Cikin motar ya yi fes, ruwan toka mai laushi, ba ƙyalli ba tabo. Wuri ɗaya ne kawai ya fita daban, murfin akwatin da ke gaban kujerar fasinja. Yana nan a koɗe kamar da.

Yadira ta fashe da dariya.

"Fentin ne ya ƙare, ko mantuwa ce?"

Citlali ko waiwayarta ba ta yi ba. Ta buɗe ƙofar dama.

"Doña, shigo ki zauna."

Tsohuwar ta shiga a hankali.

Citlali ta durƙusa a gefenta, ta yi ƙasa da murya. Sai da na matsa sosai na ji.

"Wannan naki ne, na bar miki shi. Ki riƙa shafa masa duk safiya yadda kika saba. Sauran kuma tsumma mai ɗan ruwa ya ishe su."

Doña ta ɗora tafin hannunta a kan murfin. Ta ɗago ta dubi Citlali.

"Man ne ya jawo ramukan nan?"

"Ba komai, ya wuce."

"Yadira!" Muryar Doña ta canza. "Ranar da na ce miki za a yi wa motar fenti, ba ke kika ce in ƙara shafawa don ta yi taushi ba?"

Yadira ta tuna ta bar shago a buɗe.

Doña ta kamo hannun 'yata, ta juya shi, ta dubi fatar da sabulu ya cinye, da farcen nan baƙi.

"Na ci mutuncinki a gidan ubanki, kika yi shiru..."

"Ke uwa ce."

"Ubaldo! Sakarai! Ka tsaya kana kallona ina zagin yarinya?"

"Mama, ai ke ce..."

"Rufe min baki! Durƙusa!"

Ya durƙusa a kan simintin, gwiwarsa cikin ruwan sabulu.

"Citlali, hasken idona, na yi shiru inda ya kamata in yi magana. Ki yafe min..."

"Fentin nawa fa?"

"Babu kamarsa a duk Puebla!"

"Sake faɗa, Baba bai ji ba."

Na ji sarai, amma na bar shi ya sake.

A ranar Doña ta dawo da kwandon burodi da 'ya'yan itace da kwalbar giya. Na yi jawabin da na daɗe ina shiryawa, ba wanda ya saurara. Aka sa rana.

Da safe muka ɗaura wa motar furanni. Doña ta zauna a gaba, Citlali a baya, hannunta a kafaɗar surukarta. Duk direban da ya leƙa ciki sai ya cire hula, har waɗanda suka tambaye ni mai jiki. Fada kansa ya tsaya da ruwan a hannu, ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Na ce 'yata ce, da ƙarfin da har mai sayar da kyandir a tsallake ya waiwayo.

Injin dai bai tashi ba. Ni da Ubaldo muka turo motar tun daga gida.