Naman Cika-Ciki

Aina'u tana tsugune gaban murhu tana hura wuta lokacin da mahaifinta, Alhaji Nababa, ya faɗo gida ko sallama bai ƙarasa ba. Rediyonsa na hannu, a kashe.

"Jumma! Jumma! Fito da akwatunan yaron nan!"

Inna Jumma ta leƙo daga ɗaki. "Waɗanne akwatuna kuma, Alhaji?"

"Na lefe mana! Akwai wasu a gidan nan? A mayar musu da kayansu kafin la'asar. Yanzu aka faɗa a rediyo, duniya ta ji — an samu ƙwaya a fitsarin Najib, sun dakatar da shi daga gudu!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Alhaji, a tsaya a ji ta bakinsa mana..."

"Na ji ta bakin ɗanmu Sabiru sau nawa? Me ya hana?"

Inna ta koma ɗaki ɗauko akwatunan. Aina'u ta ci gaba da hura wutar, alhali ta daɗe da kamawa. Hayaƙi ya cika mata ido amma ko ɗigon hawaye bai fito ba. Tana ji aka jawo akwatunan da ta sha buɗewa tana shinshina atamfofin ciki, tana ji aka ɗora su a amalanke, ba ta juyo ba. Ta tuƙa tuwo, ta kwashe, ta kai wa kowa nasa.

Najib ɗan ƙauyensu ne, nan gabas da Minjibir. Tun yana sakandare yake fita da asuba yana gudu a hanyoyin gona, manoma na ɗago kai suna tambayarsa wa ya biyo shi. Tseren mita ɗari takwas ne sana'arsa. Shekara da shekaru yana zuwa gasa yana dawowa da na uku ko na huɗu, garin na cewa ai ya yi ƙoƙari. Daga baya wani wakilin 'yan wasa ya ɗauke shi, ya kai shi sansani a kan duwatsun gabashin Afirka. Kafin shekara ta zagayo Najib ya fara wuce waɗanda a da ƙeyarsu kawai yake hange. Sai garin da ke tausaya masa yana na huɗu ya fara zarginsa da ya zama na ɗaya.

"Gudu ai ba gero ba ne da za a zuba masa taki ya yi tsawo a damina ɗaya," in ji 'yan teburin mai shayi. "Akwai dai abin da suke ɗura masa."

Aina'u ta taɓa kai masa wannan magana a wajen zance, ya yi dariya.

"A da sai na dawo daga gona nake tirenin, cikina ba komai. Yanzu aikina uku ne: in ci, in yi barci, in yi gudu, ga koci a kaina. Ko maganin ciwon kai ba na sha sai na kira likitanmu. In ban ƙara sauri ba ai sai a ce ni ne ba na ji!"

Ta yarda da shi. Alhaji Nababa ma ya yarda, har ya karɓi lefe aka sa rana bayan kaka. Kuma ba ƙaramin abu ba ne Alhaji ya yarda da saurayi, don babban ɗansa Sabiru ƙwaya ce ta cinye shi. Da maganin ƙarfin noma ya fara, ya ƙare a kan tabarma ba ya gane uwarsa, har rai ya yi halinsa. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Alhaji ya rantse ɗan ƙwaya ba zai ƙara taka masa zaure ba. Shi mai turka raguna ne, yana kiwata su ya sayar da sallah, kuma duk yankin an san ragon Nababa da ƙiba kamar yadda aka san mai ragon da kaifi ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya Aina'u ba za ta iya faɗa maka yadda suka wuce ba. Ruwa na sauka, gero na tasowa, tana kai abinci gona tana dawowa. Ƙawaye suna zuwa jaje da wayoyinsu, kowace da abin da ta gani a fesbuk.

"Kin ga abin da wani ya rubuta? Wai dama kowa ya san—"

"Na gani," take cewa, ko ba ta gani ba.

Inna ta fi tsoron wannan shirun a kan kuka. "Aina'u, ki yi kuka mana, ko za ki ji sanyi."

"Ba ya zuwa, Inna."

Sau ɗaya ta kira Najib, da rana tsaka, a bayan rumbu.

"Yaya Najib, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sha?"

"Wallahi, Aina'u, ban sha ba."

"To daga ina?"

"Masu gwajin sun zo gida ba sanarwa, kamar yadda suka saba, bayan sallah da kwana biyu. Abin da suka gani ɗan kaɗan ne. Lauya ya ce magani ne na masu ciwon ƙirji, amma akwai masu ba wa..." Sai ya tsaya. "Bar shi kawai. In ban nuna inda ya fito ba, shekara huɗu ce. Gudu ya ƙare ke nan."

"Masu ba wa wa?"

"Ba komai. Ki gaida Inna."

Ta kashe wayar ta zauna tana kallon kaji. Ba ta ji haushi ba, ba ta ji tausayi ba, kamar labarin wasu aka ba ta.

Haka aka kai ranar cika-ciki, wata guda bayan babbar sallah. A gidan Alhaji Nababa, kamar sauran gidaje, ba a cinye naman layya duka. Ana ajiye wani abu a cikin kitsensa don miyar wannan rana, a ci a ƙoshi. Da hantsi Inna ta sauko da gwangwanin naman daga saman kwaba tana goge masa ƙura. A can turke Alhaji na dama wa sababbin ragunansa dusa. Ya zaro ƙullin leda daga aljihu, ya barbaɗa farin gari a ciki, ya juya da hannu. Aina'u ta ga wannan sau ba adadi. Gishirin ƙiba yake ce masa, wajen wani mai talla a kasuwa yake saye, kuma bana har ragon layyarsu sai da ya ba, don kada a ce na gidan mai turka ya fi na kowa rama.

"Allah dai ya sa kada ya yi mana irin ta ranar sallah," Inna ta faɗa tana ƙoƙarin ɓalle murfin. "Kin tuna da muka ci hantar nan? Hannuna ya yi ta rawa, zuciyata kamar ta faso ƙirji. Na ce ko hawan jini ne ya kama ni."

Aina'u ta tuna. Ita ma ranar sai da kofi ya kusa suɓuce mata. Ta kuma tuna wa ya ci rabin hantar. Ita da hannunta ta soya, ta barbaɗa yaji, ta zuba a kwano mafi kyau aka kai gidan su Najib, kamar yadda ake yi wa suruki. Mutumin da ba ya shan maganin ciwon kai sai da izini, ya cinye tas ya aiko da godiya, don abincin gidan surukai ba a mayar da shi.

Ta dubi gwangwanin, ta dubi ledar da ke hannun mahaifinta. A karon farko tun ranar akwatuna ta ji ƙafafunta suna taka ƙasa.

"Inna, kada ki buɗe! Don Allah kada ki taɓa shi!"

Ta ruga bayan rumbu da waya.

"Yaya Najib — dabbobi ne, ko? Dabbobi ake ba wa don su yi ƙiba. Hantar da na aiko maka ce!"

Najib bai nuna mamaki ba, nan take ta gane.

"Ka sani?"

"Na yi zato, tun ranar da lauya ya tambaye ni me na ci."

"Kuma ka yi shiru! Ka bari ana zaginka a rediyo!"

"In na faɗa, sunan Baba za a rubuta, Aina'u. Mutumin da ya binne ɗansa saboda ƙwaya, a wayi gari ana cewa shi ke ba raguna ƙwaya yana sayar wa jama'a? Bai sani ba ne. Ni yaro ne, zan iya komawa gona. Shi ina zai sa kansa?"

"To ni fa? Ni ina zan sa kaina?"

Ta kashe wayar. Ta koma tsakar gida, ta karɓi gwangwanin daga hannun Inna, ta je bakin turke ta durƙusa.

"Baba, ina neman izinin magana."

Ta faɗi komai, muryarta a kwance ba rawa: hantar, karkarwar hannu, zuwan masu gwaji, abin da lauya ya ce, da shirun Najib. Alhaji ya miƙe, dusa na zuba daga yatsunsa.

"Ke! Ni za ki ɗora wa laifin ɗan ƙwayarki? Wannan gishiri ne! Kowa a kasuwa yana ba wa dabbarsa!"

"Gishiri ne yake sa zuciyar mutum bugawa, Alhaji?" in ji Inna a hankali. "Kai ma ranar ba ka iya riƙe carbi ba, ina kallonka."

"Jumma, ki fita daga maganar nan!"

"Sabiru ma maganin ƙarfi ya ce mana," in ji Inna.

Alhaji ya juya yana kallon ragunan suna wawaso a ƙwarya.

"Baba," Aina'u ta ce, "wannan ne kaɗai ya rage daga ragon. In ya shiga tukunya yau, shi ke nan, ba wanda zai ƙara sani. In kuma aka kai shi gwaji, sunanka zai fito. Ban da ikon ko ɗaya. Ga shi."

Ta ajiye gwangwanin a gabansa ta koma gefe. Alhaji ya dubi gwangwanin, ya dubi ledar. Sannan ya sa ƙafa ya kife ƙwaryar dusar, ya ƙulle bakin ledar, ya ɗauki gwangwanin ya rungume.

"Jumma, a yi miya da daddawa yau. Ba ni hulata."

Ba a rana ɗaya gaskiya ta fito ba. An kai naman da garin ɗakin gwaje-gwaje, an zo an aski gashin ragunan turke, an zaunar da Alhaji gaban kwamfuta ya yi wa wasu alƙalai bayani ta bakin tafinta. Mai tallan ya ɓace daga kasuwa. 'Yan teburin mai shayi suka saki Najib suka kama Nababa, mahauta suka daina leƙo masa zaure. Gero ya yi kai, aka yanke, aka ɗaure, hukunci bai zo ba. Aina'u ba ta ƙara kiran Najib ba, tunda mahaifinta bai janye maganarsa ba tukuna. Ta yi ta jira tana aikinta, shi kuma yana fita da asuba yana gudu a hanyoyin gona, ba gasa ba koci.

Ana tsakiyar sussukar dawa rediyon nan dai ya faɗa: an wanke Najib, ta nama abin ya shiga jikinsa. Ran nan Alhaji Nababa ya yi abin da ba a taɓa ji ba a garin. Uban yarinya ya taka da ƙafarsa zuwa gidan saurayi, ya cire takalmi a zaure, ya roƙi a dawo da akwatuna.

"Ɗana," ya ce wa Najib a gaban kowa, "na kira ka da sunan da ba naka ba, alhali kana rufa min asiri. Ka yafe ni."

Najib ya sunkuyar da kai. "Baba, ba ka yi min komai ba."

"Na yi. Kuma nan gaba in ka ga gaskiya ka faɗa, ko a kaina za ta faɗo. Shirunka ya kusa kashe min 'ya."

Wannan ne darasin, 'yan uwana matasa da iyayenmu. Kada a yanke wa mutum hukunci don kawai Allah ya ɗaga shi, kuma kafin ka kori ɗan wani daga zaurenka ka fara duba abin da ke aljihunka. Rufa asiri alheri ne, amma ba a rufa shi da ƙarya a kan kai. Haƙuri kuma, in an haɗa shi da gaskiya, yana biya.

Ranar ɗaurin aure aka jawo ragon walima daga turken Alhaji. Ƙasusuwan haƙarƙarinsa ana iya ƙirga su daga ƙofar gida, abokan ango suka fashe da dariya.

"Alhaji! Wannan rago ne ko shi ma ɗan tsere ne?"

"Dusa da harawa kaɗai ya ci," in ji Alhaji Nababa. "Ku kai wa ango hantar, ya ci hankalinsa kwance."

Aina'u tana ɗaki cikin lulluɓi ta jiyo shi. Kukan da ya ƙi zuwa tun ranar akwatuna ya ƙwace mata gaba ɗaya, har kafaɗunta na girgiza. Ƙawaye suka taso za su lallashe ta, Inna ta tare su da hannu.

"Ku ƙyale ta," ta ce, ita ma tana share nata. "Na daɗe ina jiran sa."