Lasisin Gola

Tun ranar da kan Ba'ana, golan Zakarun Ngadda, ya daki turken raga, ya kamata a san cewa kakar lig ta 1990 ba za ta ƙare lafiya ba. Babu wanda ya kula.

Ranar Asabar da hantsi aka kira Sufeto Dzarma ofishin kulob ɗin. Jakar lasisin 'yan wasa ta ɓace. Ƙarfe huɗu za a buga wasan ƙarshe, kuma kwamishinan wasa ba ya barin kowa ya taka fili sai ya ga katinsa mai hoto. In babu jaka, an cinye su tun ba a buga ba, sun faɗa rukuni na biyu.

"Wa ya shigo nan jiya?" in ji Dzarma.

"Babu kowa, yallaɓai," in ji Manasse, sakataren kulob.

Dzarma ya ja hanci. Ya sunkuya ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin tebur. Bandar kifi ce, maiƙo har ya huda takardar.

"Babu-kowan ne ya kawo maka wannan?"

Manasse ya share gumi. "Baba Madu ne, uban golanmu. Tsaraba ce kawai. Koci yake nema, na bar shi zaune na je kiransa."

A fili Dzarma ya tarar ana motsa jiki. Aka bugo wa Ba'ana ƙwallo a hankali, ya kai hannu dama, ta shige ta hagu.

"Me ke damun golanka?"

"Lafiyarsa lau," in ji Koci Nasidi. "Rana ce ta kashe masa ido."

"Ranar tana bayansa, koci."

Dzarma ya yafito golan, ya ɗaga masa yatsa ɗaya. "Nawa ka gani?"

Ba'ana ya dubi kocinsa tukuna, sannan ya ce a hankali, "Biyu."

A kasuwar kifi ta Baga Road, Dzarma ya tarar da Baba Madu a rumfarsa yana zaune a kan wani kwali, bai ko motsa ba.

"Wushe, sannu Sufeto. Banda kake so ko tarwaɗa?"

"Jaka nake so."

"Ni kifi nake sayarwa."

Duk kwalayen rumfar a ɗaure suke da igiya, ban da wanda yake zaune a kai.

"Tashi, Baba."

Jakar na ciki, an ɓalle kwaɗonta. Mutane suka fara taruwa. Tsohon ya gyara zaman hularsa.

"Ni na ɗauka. Likita ya ce wata biyu kada Ba'ana ya taɓa ƙwallo, in aka sake bugun kan nan, ko makanta ko likkafani. Na kai wa kocin takarda, ya ce sai bayan wasa. Na roƙi yaron, ya ce gari zai kira shi matsoraci. Garin ne ya haifa mini shi?"

"Sai ka nutsar da kulob guda?"

"Ya nutse mana!"

Dzarma ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya. Na kowa yana nan, ban da guda.

"Ina na Ba'ana?"

"Na san za ku zo. Ku nema."

"Baba, sata ce fa. Kotu za ka."

"Mu je. Daga kurkuku ana dawowa."

Dzarma ma uba ne, sai da ya daɗe yana juya ankwa a hannu. Tsohon da kansa ya miƙo hannuwa. Aka ba wani kofur jakar ya garzaya da ita fili, aka wuce da Baba Madu caji ofis yana tafe kansa a sama.

Zakarun sun buga da gola na biyu, aka tashi ɗaya da ɗaya, suka tsira da kyar. Ba'ana a benci ya kalli wasan, yana zagin ubansa yana hawaye.

An zazzage rumfar kwali-kwali, an binciki gidan har rufin ɗaki. Har yau babu wanda ya san inda katin Ba'ana yake.