Filin da Na Allah Ya Saya a Tasawa

Zuhura na bakin turmi tana daka 'yar dawar taimako da aka raba, sai ga mahaifinta Na Allah ya shigo da wata takarda cikin leda, yana ta murmushi. A 1984 ne. Damina biyu ta ƙi a Kanan-Bakashe, rumbuna sun koma wayam, soja ke mulki, kowa ya iya bakinsa.

"Hawwa, hito ki gani," ya ce wa matarsa. "Na sayi hili a Tasawa."

"Da mi, Malam?"

"Da bijiman."

Hawwa ta zauna daɓas. Bijimai biyu na huɗa, su kaɗai fari ya bar wa gidan.

Wai wani Ɗan Malam ne, mai mota da zaƙin baki, yake bin kasuwanni yana cewa ƙauye ya mutu, kowa birni zai koma, filin da ka saya yau kafin Sallah ya ninka. Har na kusa da nasa Na Allah ya sa aka ajiye wa Mushe Mutari, malamin lakwal, wato makarantar bokon garin (Mushe ake ce wa malamanta), wanda shekara biyu ke nan yana neman Zuhura, an ma kai gaisuwa.

"Banki na ba ma'aikata keredi, bashi kan albashi," in ji Na Allah. "Ya amso, ya biya, ya gina, ɗiyata ta tare kusa da ni."

Mutari ya je ya gano wurin. Da la'asar ya zo zance, ya kwance hankici a gaban Zuhura, ga wani dunƙulen ƙasa baƙi ƙirin.

"Wuri ne shimhiɗaɗɗe, an kakkahwa duwatsun siminti," ya ce. "Amma ko ɗan gari ɗaya bai saya ba, duk mutanen ƙauye ne. Kuma a biro, ohishin hilaye, an ce ba a san da rabon ba."

Zuhura ta murtsuke ƙasar, 'yan kwanson dodon koɗi suka zubo a tafinta. Nan take ta gane, don tun tana ƙarama take tonon bado a tabki.

"Mushe, wagga laka ce. Cikin tabki ne. Hwari ne ya ƙahe shi."

Mutari ba zai iya kallon idon surukinsa ya ce an cuce shi ba, don haka ita ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa. Na Allah ya buɗe takardar, wadda ko harafi ɗaya bai iya karantawa a cikinta ba, ya ɗora yatsa kan tambarin hukuma da ke jikinta, wanda suke ce wa kashe.

"Kin ga wanga kashe? A zamanin soja wa ke da kan da za ya yi ƙaryar kashe? Yaron nan rowa gare shi, shi ne ya cusa maki magana. Ki gaya mashi: babu hili, babu aure."

"Baba, don Allah—"

"Na gama."

Washegari Mutari ya dawo idonsa jajur. "Zuhura, bari in amso keredin kawai. A yi shekara bakwai ana yankar albashina, in dai na same ki."

Tana kuka ta girgiza kai. Tana son shi kamar ranta, kuma ta san in ta ce e, an gama. "In ka saya, Baba ya ƙara yarda da mutumin nan, wasu ma su biyo ku. Ni na iya jira. Kai ka iya?"

"Na iya."

Cikin kwana uku aka mayar wa dangin Mutari kayansu. Ranar kasuwa aka yi shi, kan idon jama'a. Zuhura ta rame, ta daina zuwa rijiya saboda bakin mata. Shi kuwa Na Allah ya tare a Tasawa, ya buga tubali da lakar wurin, yana ma yabon yadda take kamawa. Ɗaki biyu suka tashi har kai.

Sai hadari ya fara haɗowa daga gabas. Gari ya fita roƙon ruwa, yara da tsofaffi, rana na dukansu. Zuhura ta ɗaga hannu tare da kowa, hawaye na zuba, don ita kaɗai ta san abin da ruwan da take roƙo zai yi wa ubanta. Ba ta iya cewa kada ya zo ba, ga yunwa na ɗaukar yara a unguwarsu.

Ya zo kuwa. Kwana biyu ana yi ba ɗaukewa.

Mutari ne ya hau motar kasuwa ya tafi Tasawa, ba wanda ya aike shi. Ya tarar da Na Allah tsaye a bakin ruwa cikin masu saye kusan ashirin. Babu ɗaki, babu dutsen siminti, sai kwaɗi ke ta kuka. Ɗan Malam kuwa tun hadarin farko ba a sake ganin motarsa ba. Mutari ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa wa tsohon, ya biya masa mota har gida. Da safe ya aro galma, ya kama shuka a gonar tsohon, da babu sauran bijimi.

Bayan an yanke gero Na Allah ya janye maganarsa, aka ɗaura aure. Amarya ta tare a ɗaki ɗaya na bayan lakwal, sai da suka shekara huɗu sannan suka sayi fili, bayan sun tambayi biro, sun tambayi tsofaffin unguwa, sun kuma je sun gan shi da damina.

To ku matasa, tambari ba ya mayar da ƙarya gaskiya, kuma duk mai cewa ku saya yau-yau, akwai abin da ba ya so ku gani gobe. Haƙurin Zuhura ya ba ta mijinta. Bijiman dai ba su dawo ba. Har Na Allah ya rasu, in an yi ruwan farko kowa na murna, shi ɗaki yake shiga ya ja ƙofa.