Haladu da Baƙon Mahaɗar Ruwa

Ku matso kusa. A rage hasken fitilar nan, mai tari ya yi tun yanzu.

A Lakwaja abin ya faru, garin da ya jingina bayansa da Dutsen Patti, ya miƙe ƙafafu cikin kogi. Can Kwara da Binuwai suke haɗuwa. Haladu Mai Jirgi yana da kwale-kwale mai inji, sana'arsa ke nan kai baƙi su ga mahaɗar. Gajere ne, ƙaƙƙarfa, ba ya son a gaya masa magana sau biyu.

Wata Asabar da rani, ayarin malaman makaranta suka zo yawon buɗe ido daga Gumel. Da safe suka hau dutsen, suka hango garin da kogunan daga sama. Suka sauko suka zaga tsofaffin gine-ginen Turawa, suka sha farfesun kifi a bakin ruwa. Kafin azahar duk sun jigata, kowa ya nemi inuwa, in ban da Malama Tasalla. Tsohuwa ce, tana dogara sanda. Shekara talatin tana zana wa ɗalibai mahaɗar nan a allo da alli, ba ta taɓa ganinta da ido ba.

"Hajiya, rana ta take tsaka," in ji Haladu. "Ki bari la'asar."

"Motarmu ƙarfe uku za ta tashi. Ɗana, ko ka kai ni, ko in nemi wani."

Ya kama hannunta ta shiga. Yana kwance igiya sai ya ga mutum tsaye a kan yashi. Dogo ne, cikin farar jallabiya, ya rufe kai da rawani. Haladu bai ga ta inda ya ɓullo ba.

"A rage mini hanya," in ji mutumin.

"Shiga, bawan Allah."

Ya shiga, jirgin ko motsi bai yi ba. Haladu ya dubi yashin da mutumin ya tako. Yashi mai ƙona ƙafa, amma kowane sawu cike yake da ruwa, kuma yatsun suna kallon tudu, ba kogi ba. Ya ce a ransa zafi ne ke wasa da idonsa. Ya ja igiyar inji.

Suka nausa cikin kogi. Malama tana ta tambaya, yana nuna mata tsibiran yashi da masunta da ƙauyukan ƙetare. Baƙon ya zauna a goshin jirgi, ya ba su baya. Gefen jallabiyarsa na ɗiga, ɗis, ɗis.

Suka isa. Ruwa biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ja-ja, ɗaya mai duhu, da layi a tsakani kamar an ja da zare. Malama ta cire tabarau ta share ido.

"Ikon Allah. Ashe haka yake."

Nan injin ya mutu. Haladu ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Iska ta ɗauke, tsuntsaye suka yi tsit. Ruwa na gudu ta dama da hagu, amma jirgin ya kafe wuri ɗaya.

Baƙon ya juyo. Bakinsa ya motsa, ya rufe. Sai bayan nan muryar ta zo, daga ƙarƙashin katakon da suke zaune a kai.

"Haladu."

Haladu bai gaya masa sunansa ba.

"Kullum kana kawo mini 'yan kallo. Suna leƙa tsakar gidana. Suna ɗaukar hoto, suna jefo robobi. Ni ma ina son abin kallo. Bar mini tsohuwar."

Haladu ya juya. Ya dubi Malama. Ta riƙe sandarta da hannu biyu.

"A'a," in ji shi.

"Ta gama kwanakinta. Kai kana da 'ya'ya huɗu."

"Na ce a'a. Ni na kama hannunta ta shigo. Ni zan kama ta fita."

Ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin katako, sanyi ƙalau, ya rufe idon sawu. Haladu ya ɗauki igiyar ɗaure jirgi, ya zagaya ƙugunsa, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugun Malama, ya ƙulle tam.

"Kwance, ɗana," ta ce a hankali. "Kada ka mutu saboda ni."

"Hajiya, ki yi karatu. Ki bar mini wannan."

Ta fara Ayatul Kursiyyu. Muryar ta fito a karye, can ta miƙe, irin muryar da ta saba tsayar da aji. Haladu ya zaro filafili ya caka a ruwa. Kamar ya caka cikin taɓo. Ya danna da duk ƙarfinsa, filafilin ya karye biyu. Ya jefar, ya ɓamɓaro katakon zama, ya ci gaba da tuƙi da shi.

Baƙon ya miƙe. Yana miƙewa yana ƙara tsawo, har ya tare rana. Ruwa ya kai gwiwa.

"Zan kifar da jirgin."

"Kifar! Mu biyu za ka samu, kuma ni ba zan zauna maka lafiya a can ba. Ubana a kogin nan ya ci abinci, kakana ma haka. In robobi ne, ka yi gaskiya, zan hana. Amma mutum, ko farcensa ba zan ba ka ba."

Karatun Malama kaɗai ke tashi.

Sai baƙon ya sunkuyo. Fuskarsa ba ta da gira, idanunsa ba sa ƙiftawa. Ya ɗora yatsa ɗaya a kan idon Haladu na hagu, yatsa mai sanyi da ƙarnin kifi.

"Tunda kana da taurin kai, to ka riƙa gani."

Ya taka gefen jirgi ya sauka cikin ruwa a tsaye, kamar mai sauka daga matakala. Ko kumfa babu.

Iska ta dawo. Haladu ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama. Malama ta riƙa kwashe ruwa da ƙwarya har bakin gaɓa. Da suka taka yashi ne suka tarar ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da aka yanke da wuƙa. Ta riƙe kansa ta daɗe tana sa masa albarka. Ƙarfe uku motarsu ta tashi, tana ciki.

Tun ranar idon nan ya koma fari fat. A tudu ba ya ganin komai da shi. A kan ruwa kuwa yana gani har ƙasa. Mutum tara ya tsamo da ransu, a wuraren da ba wanda ya san sun nutse. Sauran abin da yake gani a can, ko matarsa bai gaya wa ba.

'Yan'uwansa suka roƙe shi ya bar kogi ya koma tuƙin mota. Ya ƙi. Har yau yana kai baƙi, da buhun zuba shara a jirginsa. In sun isa mahaɗar, yakan miƙe, ya buga gefen jirgi da tafin hannu, ya ɗaga murya: "Haladu ne, da baƙi shida! Shida za mu koma!" Baƙin su yi dariya, su ɗauka wasa ne. Shi ba ya dariya.

In Allah ya kai ku Lakwaja, ku hau dutse, ku ci kifi, ku shiga jirgi. Amma kada ɗayanku ya sauka bakin ruwan nan shi kaɗai da tsakar rana. Wanda kuma ya ce a rage masa hanya, ku fara duban sawunsa.